Ruwan Tuffar Injiniya Tino

"Ni Celestino, in na sake kai tuffa gidan wani a matse mini, ku canza mini suna!"

Haka Tino ya faɗa a shagon ƙauye inda ake shan sidra, wato ruwan tuffa, yana dukan tebur har kofuna na rawa. Abokina, da ka ga yadda ya turo ƙirji sai ka rantse shi ya ƙera jirgin ƙasa. Alhali duk injiniyancinsa wata uku ne da ya yi yana miƙa wa wani bakanike sufana a birnin Gijón, aka sallame shi. A gabansa Injiniya ake ce masa, a bayan idonsa kuwa Sarkin Kwance-kwance, don bai taɓa kwance abu ya iya mayarwa ba.

Tuffar ma ba tasa ba ce. Gonar matarsa Telva ce, gadon ubanta, kuma shekara arba'in ke nan gidansu ne ke shayar da gari sabon ruwan tuffa ranar bikin gasa kastanya, 'ya'yan wata bishiya da ake gasawa kamar gyaɗa. Ga bishiyoyin nan, in sun yi 'ya'ya bana, baɗi hutawa suke yi.

Baba Avelino, tsohon kafintan da ke matse wa kowa tuffa, ya ce, "Ɗana, in dai ka nace, nemi busasshen katakon kastanya. Kuma kar ka bari ƙarfe ya taɓa ruwan, ko ƙusa ɗaya."

"Baba, zamaninku ya wuce. Ku kwana uku kuna murɗa gungume kuna nishi. Ni jak ɗin mota zan sa, kafin ka gama shan tabarka na gama."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Gogan naka ya shiga aikin ƙera injin matse tuffa. Busasshen katako? Wa ke da wannan lokacin! Ya sare ɗanyen itacen turare na bayan gida, ya zuba masa ƙusoshi har babu wurin sa yatsa. Tiren tarar ruwa kuwa tsohon kwanon rufi ya lanƙwasa, tsatsa ja wur. Inda mutane ke shimfiɗa buhu mai tsabta don tacewa, shi ganyen turaren ya jera, wai don ƙamshi.

Telva ta ce, "Tino, don Allah bar mini ko rabi in kai wa Baba Avelino."

"Rabi? Ke ba ki san wa kika aura ba." Ashe ma tun da safe ya daddake tuffar kaf, buhu talatin.

Sai aka zo wurin matsi. Jak yana son abin da zai tokara, don haka Injiniya ya kafa injinsa ƙarƙashin rumbun gidan, irin mai ƙafafun dutse, ya tokare jak da gindinsa. Ya buga, ya buga, ko ɗigo babu.

"Yana zuwa! Kina jin ƙarar nan? Tuffa ce ke kuka."

Telva ta ce, "Rumbu ne ke kuka, sakarai! Ɗaga kanka!"

Rumbu ya tashi daga ƙafa ɗaya, ya karkace, ƙofa ta buɗe. Masara, albasa da waken shekara guda suka yo masa ruwa a ka. Kaji suka yi sallah.

Ya karkaɗe wake daga kunne ya ce, "Gwaji ne. Yanzu na tabbatar jak ɗin lafiyarsa ƙalau."

Ya ja injin fili, ya ɗaure shi da sarƙar shanu, ruwa kuwa ya zubo gwanin sha'awa. Tino ya zagaya gari yana shela. Kafin ranar biki ƙarfe ya yi aikinsa, ruwa ya koma baƙi ƙirin kamar tsohon man inji.

"Haka na manyan otal yake," in ji shi.

Ranar biki gari ya taru, kastanya na fashewa a wuta. Al'ada ita ce kofi ɗaya ke zagayawa, ka shanye a kurɓi guda, ɗan guntun da ya rage ka zubar a ƙasa don wanke bakin kofin. Tino ya ɗaga kwalba sama da kansa, ya tsiyayo, ya miƙa wa Baba Avelino.

Tsoho ya taɓa da leɓe, hawaye suka zubo masa. Ya juye sauran duka a ƙasa.

"Baba, ai guntu ake zubarwa!"

"Kofin ne ya yi datti da yawa, ɗana."

Na biyu ma ya wanke kofi, na uku ya wanke. Ba a taɓa ganin mutane masu tsabta irin na ranar ba. Telva ta rufe fuska da gyalenta, kunya kamar ta nutse, don sunan ubanta ne ke malala a ƙasa. Ta ce, "Kai sha mana, Injiniya."

Ya shanye. Haƙoransa suka yi baƙi, hanci ya buɗe, majina ta kama hanya. Ya yi murmushi da ƙyar ya ce, "Sai wanda ya san abu."

Ana cikin dariya sai Iya Balbina, uwar Telva, ta buga sandarta. "Ku rufe mana baki! Shekarata tamanin, ban taɓa samun irin wannan ba. Surukina, ajiye mini kwalba biyar."

Ƙirjin Tino ya dawo wurinsa. "Kun ji ko? Kun ji bakin manya? Iya, in tsiyaya miki yanzu?"

"Ka tsiyaya mini? Wa ya ce maka sha zan yi? A gwiwata na shafa, har ta fara saki. Sauran kuma jakina kaska ta dame shi."