Shugaba Kumagai da Hannun Naoto

Garinmu na Shiomine ya yi sa'ar abubuwa da dama, amma babu wanda ya kai Kumagai Tokuji. Mai shakka ya je ya tambaye shi, zai yi masa bayani filla-filla. Shi ne mai masana'antar kamaboko da ke bayan kwatar jiragen kamun kifi, inda ake niƙa kifi a cura a turara. Shi ne kuma Shugaban din-din-din na Ƙungiyar Magoya Bayan Isozaki Naoto. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya tsaya takara, shi ya ƙirga ƙuri'u. Mu 'yan ƙungiya aikinmu tafi.

A sanin besbol kuwa, wasan da wani ke jifan ƙwallo wani ya doka da sanda, duk gabar tekun nan babu na biyunsa. Gaskiya ne bai taɓa buga wasa ba. Kwana tara ya yi a kulob ɗin sakandare yana ɗiban ruwa, sannan ya fita saboda koci ya kasa fahimtar tunaninsa. Amma shi ya gano Naoto, ɗan garinmu da yau jifansa ke sa manyan masu dukan ƙwallo na ƙasar nan su koma benci suna sosa ƙeya. Naoto yana ɗan shekara tara ya jefi hankaka da dutse, dutsen ya fasa tagar ofishin Shugaba.

"Ina jin ƙarar gilashin nan na ce, wannan hannu na duniya ne," in ji shi.

Dutsen yana nan cikin akwatin gilashi a kan teburinsa. Waɗanda ke wurin a ranar sun ce da kunne ya ja yaron har gida, ya tsayar da uwarsa a ƙofa tana sunkuyawa har bayanta ya ƙage. Amma waɗannan mutane ne marasa hangen nesa. Su kunne suka gani, shi hannu ya gani. Tun daga nan muke kiransa Uban Hannu, a bayan idonsa.

Kakar wasa ta ƙare, sanyi ya shigo. Sai kulob ɗin Naoto ya ba shi izinin tafiya Amurka, aka ba ƙungiyoyin can 'yan makonni su zo su yi zawarcinsa. Kowace safiya jarida ta ce goma ne ke nema, da yamma talabijin ya ce goma sha huɗu. Naoto yana Tokyo tare da wakilinsa, bai ce wa kowa komai ba. Shugaba ya duba lamarin ya ga yaron yana bukatar babba.

Ya sa aka kwashe kwalaye daga ɗakin saman masana'anta, aka manna allo a ƙofa: Ofishin Karɓar Baƙin Ƙetare. Ya rataya taswirar Amurka ya caccaka mata allurai a biranen da yake sa ran za su zo nema. Ya buga katin suna da ruwan zinare, gaba da harshenmu, baya da Turanci. Ya kira taron gaggawa.

"Duk ƙungiyar da ke son Naoto, ta nan za ta bi," ya ce, yana nuna ƙirjinsa. "Zan tambaye su abu uku. Wace irin shinkafa ake ci a garinsu. Wace irin iska ke kaɗawa a filinsu. Sannan in dubi idon mutum. Ni idan na dubi idon Ba'amurke, na gama karanta shi."

A iya saninmu, Ba'amurke ɗaya ya taɓa gani ido da ido, wani malamin makaranta da ya tambaye shi hanyar tashar jirgin ƙasa, shi kuma ya nuna masa hanyar maƙabarta.

Mako guda ya wuce wayar ofishin ba ta yi ƙara ba, in ban da wata tsohuwa da ta kira tana cigiyar kamabokon sabuwar shekara. Shugaba ya ce wannan shirun girmamawa ne. Manyan mutane ba sa faɗo wa babba kai tsaye, sai sun shirya.

Ranar Talata ta mako na biyu, ga wata farar mota ta tsaya a kwata. Wata mata ce ta fito, sunanta Tanabe, haihuwar Amurka, tare da mai ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ce ta aiko su, mai koren kaya, su ɗauki hoton garin su haɗa ɗan fim da za a nuna wa Naoto ranar ganawa, ko zuciyarsa ta karkata. Abin da suke nema biyu ne: filin makarantar firamare, da tsoho Hatakeyama, masuncin da ya yi shekara shida yana tsugunawa a gindin katangar kwata yana cafke jifan Naoto har yatsunsa biyu suka karkace.

Ba su kai ga Hatakeyama ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Shugaba ya tare su a hanya da kwat da furen roba a ƙirji, ya hau da su sama, ya jera musu kamaboko iri goma sha ɗaya, kowanne da tarihinsa. Sannan ya zauna gaban kyamara ya gyara murya.

"Ku gaya wa shugabanninku, ni Kumagai na saurare su. Yaron nan ɗana ne. Shekara da shekaru ni nake tsuguna masa ina cafkewa. Tafin hannun nan da kuke gani, jifansa ne ya ƙona shi."

Tukunyar turara kifi ce ta ƙona shi, kowa ya sani. Tanabe ta sunkuya ta yi godiya irin ta mai ladabi, ta ce kamabokon ya yi daɗi ƙwarai. Shugaba ya dubi idonta, ya karanta, ya gama.

Kafin motarsu ta bar gari ya kira wani ɗan jarida. Washegari aka buga da manyan baƙaƙe cewa majiya mafi kusa da iyali ta tabbatar Naoto ya zaɓi masu koren kaya. Aka ƙara da cewa majiyar ita ce ta raini hannunsa, ita ta riƙa cafke masa tun yana yaro. Shugaba ya sayi jaridar kwafi hamsin. Ya ba da umarni a rina kamaboko kore. Ya sa aka ɗinka ƙyallen taya Naoto murna mai tsawon motar bas aka rataya a gaban masana'anta, da sunan Shugaba a ƙasa, ɗan ƙarami, kamar girman mutum a tsaye.

Abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne, laifin duniya ne da ta ɗauki maganarsa da muhimmanci. Ƙungiyoyi uku suka soke ganawarsu da Naoto, suka ce ba za su ƙetare teku don a yi musu dariya ba. Wakilinsa ya kwana biyu yana rantse-rantse a waya. 'Yan jarida kuma suka cika layin gidan mahaifiyarsa, Fumie, a daidai lokacin da ake ɓarar kawa, wato abincin teku mai ɓawo. Ta kasa fita zuwa rumfar aiki, abokan aikinta suka riƙa ɗaukar nauyinta.

Rana ta uku Fumie ta ratsa 'yan jaridar da takalman roba ta hau Ofishin Karɓar Baƙin Ƙetare. Ita ce baƙuwa ta biyu da ofishin ya taɓa karɓa. Ta sunkuya daidai gwargwado.

"Shugaba, sannu da ƙoƙari."

"Maman Naoto, shigo, zauna. Kada ki gode mini, aikina ne."

"Ba godiya na zo yi ba. Cewa na yi bari in zo in ji inda ɗana zai tafi, tunda ni bai gaya mini ba."

"Ai irin wannan magana, ta maza ce. Akwai abin da ake ganewa a ido."

"To. Ni dai na haife shi, na kuma saba da idonsa, ban ga komai ba. Jiya ya kira ni, muryarsa kamar ba tasa ba. Shekara goma sha biyar yana jifa don wannan watan. Don Allah Shugaba, bakinka ya huta har a gama."

Ta sake sunkuyawa ta sauka. Shugaba ya gaya mana daga baya cewa ta zo neman shawara, kuma ya kwantar mata da hankali.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, Naoto ya sa hannu. Ƙungiya ce mai jan kaya, a wani birni na cikin hamada wanda ko allura Shugaba bai soka masa ba. Muka taru a masana'anta don mu ga yadda Shugaba zai yi. Ko gezau.

"Dabara ce," ya ce. "Na karkatar da hankalin duniya gabas don yaron ya samu ya bi yamma cikin natsuwa. Shi ya gane. Tsakanina da shi ba sai an yi magana ba."

Koren kamaboko kuwa, makarantun gari suka ci shi har ƙarshen wata. Yara suka sa masa suna Dabara.

A watan Janairu Naoto ya zo sallama. Aka cika zauren wasanni na makarantar sakandare, ga kyamarori na gida da na waje. Shugaba ya hau dandamali da hakama, kayan gargajiya na bikin aure, da jawabi shafi goma sha biyu. Ya kai shafi na huɗu, inda yake bayanin yadda ake riƙe ƙwallo, sai Naoto ya miƙe cikin ladabi ya karɓi abin magana.

"Na gode, Shugaba. Ni ban iya jawabi ba, jifa na iya. Ina so in yi jifa ɗaya na ban kwana a garinmu. Na karanta a jarida cewa kai ka riƙa cafke mini ina yaro. Ni na manta, amma jarida ba ta ƙarya. Ka taimaka ka cafke wannan."

Zauren ya ɗauki tafi. Tsoho Hatakeyama da kansa ya taso daga layin baya, ya zura wa Shugaba tsohuwar safar hannunsa ta fata ta cafke ƙwallo, ya gyara masa yatsu, ya ce a hankali, "Kada ka rufe ido, ranka ya daɗe. Ya fi zafi in ba ka gani ba."

Babu hanyar fita. Shugaba ya auna taku ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara har layi na uku aka ji. Naoto ya tsaya can nesa. Ya dube shi irin kallon da yake yi wa masu duka a zagaye na tara, na ƙarshen wasa. Ya ɗaga ƙafar hagu sama, ya juya kafaɗa, hannun nan na duniya ya zabura.

Shugaba ya watsar da safar, ya kife da ciki a ƙasa, ya rufe ƙeya da hannu biyu.

Ƙwallon tana hannun Naoto, bai sake ta ba. Ya jira zauren ya yi tsit, sannan ya sunkuya ya gangaro da ita a ƙasa, a hankali, kamar yadda ake yi wa jariri. Ta yi ta birgima har ta zo ta taɓa gwiwar hannun Shugaba ta tsaya.

Hoton ya zaga ƙasar nan kafin magariba, washegari ya ƙetare teku. Shugaba ya ce da ma ya san wata rana Amurka za ta san shi. Ya sa jikarsa mai karatun Turanci ta buɗo masa a waya, a gabanmu, ta fassara abin da gidan talabijin na can ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa. Ta duba, sannan ta karanta: "Wani mazaunin garin."