Rasuwar Faifai na Uku, Wanda Aka Shayar Tare da Goro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da gajiyar hanya, Mukaila Issahaku, dillalin doya a kasuwar Salaga, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Salaga da Yendi da Bawku rasuwar Faifai na Uku, auta a cikin faifan nan uku na fim ɗin ayarin masu rakon wuta. Ya cika a gida, bayan jinyar da ba wanda ya san yana yi sai da ta gama da shi.

Kafin ya zauna rubuta wannan sanarwa, Mukaila ya tambayi limamin unguwarsu ko ya halatta mutum ya mayar da al'amari ga Allah saboda roba. Liman ya ce ana yi ko igiyar takalmi ce ta tsinke, amma kada ya kuskura ya kawo masa ita masallaci. A kan wannan sharaɗi aka tsaya.

An haifi marigayin a ƙasar Turawa. An ce an ɗauko labarinsa daga wasu tsofaffin littattafai masu kauri, waɗanda babu ɗaya daga cikin masu makoki da ya taɓa riƙewa. Ya shigo Gana cikin dilar gwanjo tare da yayyensa biyu, a kwali mai tauri, da taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya. A kasuwar Yeji wasu samari uku suka same su, lokacin suna lodin doya a jiragen ruwan Makango: Mukaila ɗin nan, da Sa'id wanda yanzu tela ne a Yendi, da Awudu wanda yanzu yake fataucin albasa a Bawku. Su ukun suka haɗa suka saya, domin babu mai iya saye shi kaɗai.

Da suka kunna, ba su ga baƙon abu ba. Mutane ne aka damƙa wa wuta ta ƙarshe da ta rage a duniyarsu, su kai ta bakin teku kada ta mutu a hanya, ga dodanni, ga duwatsun ƙanƙara, ga sarakuna masu kwaɗayinta. Jikokin fataken goro suka dubi juna suka ce ai wannan ayari ne. Sunayen Turawan sun ƙi zama a bakinsu, don haka suka raɗa musu nasu. Tsohon da ke gaba ya zama Madugu, mai duba hanya ya zama Jagaba, wani talaka mai ɗaukar guzuri kuma ya zama Mai Jaki. Mukaila, wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba, da rubutun ƙasan allo da wani ƙamus mara bango ya koyi Turancin da yake da shi. Shi ne tafinta. Inda ya rasa gane magana sai ya sa tasa, kuma har yau yana tunanin ko wannan ƙarya ce ko taimako.

Da rayuwa ta raba su, kowa ya koma garin iyayensa, sai suka raba faifan yadda kakanninsu suke fasa goro idan za su ƙulla amana, kowa da ɓarinsa. Ƙa'ida ɗaya suka kafa: faifai ba ya shiga hannun direba. Hannu da hannu ake miƙa shi. Duk bayan babbar Salla sukan haɗu a ɗaya daga cikin garuruwan, su kalli ukun a jere daga hantsi, sai salla ta tashe su, sannan kowa ya tafi da wanda bai zo da shi ba. Matansu sun ce hauka ne. Hauka ne da ya kai mutum uku gidajen juna shekara da shekaru.

Marigayin ya kasance mai haƙuri. Ya sha ɗaukewar wuta ana tsakiyar yaƙi, bai taɓa ƙin komawa inda aka tsaya ba. Ya yi tafiya a aljihun riga, da cikin safa, sau ɗaya ma a ƙasan buhun albasa, har ya yi wata guda yana sa mai kunna shi hawaye tun kafin a kai wurin kuka. Masu makoki za su tuna muryarsa. In aka tura shi cikin inji sai ya ce "zuuu", ya ɗan yi "ƙas, ƙas" kamar tsoho mai gyaran murya kafin wa'azi, sannan ƙaho ya tashi, "tuuuu", har awakin tsakar gida su ɗaga kai. Aibinsa ɗaya: tsawo. Yakan yi sallama, a miƙe za a tashi, sai ya sake wata sallamar.

Amma babbar falalarsa, wadda saboda ita wannan rashi ya yi nauyi, ita ce a cikinsa Mai Jaki yake dawowa. Wanda bai san labarin ba ya sani: a faifai na biyu, da ayari ya iso wata gada da ake harbin kibiya a kanta, tsoro ya kama Mai Jaki, ya juya ya bar 'yan'uwansa. A na uku, lokacin da ƙishirwa ta kusa kashe su a wani fako, sai ga shi da jakinsa da salkunan ruwa, kansa a sunkuye. Su ukun sun yi shekaru suna gardama a kan mutumin nan. Sa'id yakan ce tsoro ba cin amana ba ne. Awudu yakan ce tambayi wanda aka bari a kan gada. A lokacin gardama ce ta fim, ana yi ana cin gyaɗa.

Sai shekarar da hanyar Bawku ta yi zafi, ana tare motoci, dokar hana fita tana kan gari. A cikin wannan hali mahaifiyar Awudu ta rasu, matar da ta sha dafa wa su ukun tuwo. Mukaila ya je gaisuwa. Sa'id ya shiga mota har ya yi nisa, ya ji labarin abin da ya faru a gaba, ya sauka ya koma Yendi. Ya kira a waya, Awudu bai ɗauka ba. Tun daga nan ba su sake zama a tabarma ɗaya ba.

Mukaila ya juya maganar nan a ransa har ta gaji da shi. Sa'id yana da 'ya'ya ƙanana, kuma harsashi ba ya tambayar ko gaisuwar mutuwa za ka. Awudu kuma ya binne uwarsa yana waiwayen ƙofa. Ya auna, ya sake aunawa, bai samu mai laifin da zai iya nunawa da yatsa ba, bai kuma samu wanda zai wanke tas ba. Abin da ya iya shi ne ɗaukar nauyin zagayen a kansa. Duk shekara ya je Yendi ya yi musanye, ya dawo, ya bi ta Tamale da Savelugu ya nufi Bawku, gwiwoyinsa a manne da kujerar gaba. Can kuma Awudu ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yanka masa zabo, amma ya ƙi sakin faifai na biyu. Kullum amsarsa ɗaya, bai gama da shi ba. Haka Mukaila yake komowa da abin da ya tafi da shi.

Bana, bayan Salla, Awudu ya kira. Suka yi maganar farashin albasa da ciwon baya. Har za a kashe waya sai ya ce, "In za ka zo, ka zo da na ukun. Na manta yadda ya ƙare."

Awudu bai manta ba. Ya san faifan nan kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Mukaila ya wayi gari a tashar mota, ya je Yendi ya karɓo na ukun a hannun Sa'id. Sa'id ya naɗe shi a ƙyallen atamfa, ya kai bakin keke ya ɗinke gefen da kansa, bai tambayi komai ba, sai dai hannunsa ya daɗe a kan ƙyallen kafin ya saki.

Daga nan jinya ta fara. Mukaila ya iso Salaga da zazzaɓi a jikinsa, ko takalmi bai iya cirewa ba. A gidan akwai gwaggonsa, Mma Memuna, yayar mahaifinsa, wadda ta tashi a cikin huhunan goro, har yau kuma tana sayar da shi a ƙofar gida. Ya miƙa mata ƙunshin ya ce, "Mma, ajiye mini sidin nan inda kike ajiye abin da ba kya so ya lalace." Ta farke ƙyallen, ta juya shi a hannu, ta ce ita dai sidin da ta sani kuɗin Gana ne, ba ta taɓa ganin sidin da ba ya sayen komai ba, amma ta ji.

A wurin Mma Memuna, wuri ɗaya ne a duniya abu mai daraja da ya sha doguwar hanya yake kwana bai lalace ba. Ta buɗe huhun goronta na musamman, fari ƙal, wanda take ajiye wa masu biki, ta shimfiɗa wa baƙon ɗanyen ganye, ta lulluɓe shi. Kowace safiya in ta yayyafa wa goro ruwa sai ta yayyafa masa. In ta sauya ganye sai ta sauya masa. Zazzaɓi ya daɗe bai saki Mukaila ba, yana saki kuma sabuwar doya ta faɗo kasuwa, ya shiga ƙauyuka. Marigayin yana da wata tsohuwar tsaga a bakin raminsa na tsakiya. Ta nan ruwa ya samu hanya.

Ranar da Mukaila ya ce a ba shi ajiyarsa, ta fito da shi da alfahari, yana sanyi, yana ƙanshin ganye. Ta ce ya duba da kyau, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Gaskiyarta. Fuskarsa ce kawai ta yi dabbare-dabbare kamar gishiri ya ci bango.

An yi iya ƙoƙari. An shanya shi a inuwa. An goge shi da man goge baki, an hura masa numfashi, an share da gefen riga mai laushi. An kai shi Tamale wurin Nashiru mai gyaran rediyo, ya ɗaga shi sama ya duba, ya mayar da shi cikin ƙyalle ba tare da ya karɓi ko kuɗin dubawa ba. A gwaji na ƙarshe ya ce "zuuu", ya ce "ƙas, ƙas, ƙas", ya daɗe yana faɗa, ƙaho bai tashi ba. Sai inji ya rubuta a allo cewa babu faifai. Ga shi kwance a ciki ana ganinsa, amma inji ya ce babu shi. Mukaila bai taɓa jin bayanin mutuwa da ya fi wannan ba.

Iyalan mamaci suna roƙon jama'a kada kowa ya yi wa Mma Memuna magana. Abin da aka ce ta yi shi ta yi, da iyakar saninta da iyakar ƙaunarta. Ba a gaya mata ba. Ta tambaya ko abokin nasa na Bawku ya ji daɗin saƙon, aka ce mata bai tafi ba tukuna.

Ana kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya su daina cewa ai fim ɗin yana cikin waya. An sani. Waya ba ta taɓa sa wani ya shiga motar Bawku ba.

Marigayin ya bar yayansa Faifai na Ɗaya a Yendi, tare da kwali da taswira. Ya bar Faifai na Biyu a Bawku, wanda yanzu labari ya tsaya a kansa, a bakin gada, da bayan mutum yana tafiya. Ya bar inji, da rimot da aka ɗaure da robar taya, da wata talabijin mai ƙusumbi da matar gida, Latifatu, ta daɗe tana neman wurinta don ta ajiye kwanuka. Ya bar maza uku masu furfura.

Mukaila ya kira Bawku ya faɗi rasuwar. Awudu ya tambaya ko za a yi wani abu. Da ya ji za a binne shi a Salaga, ya ce, "Shi zai zo?" Mukaila ya ce bai sani ba. Ya kira Yendi. Sa'id ya tsayar da kekensa, ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayar nan da kalmomin nan. Shi ma amsar da ya samu ke nan.

Game da jana'iza. Za a binne marigayin a bayan gida, gindin bishiyar mangwaro, cikin ƙyallen da ya zo da shi. Babu salla, bisa umarnin liman. Za a kalli na ɗaya da na biyu a jere, don haka wajibi ne masu riƙe da su su kawo su, kuma ƙa'ida tana nan, ba a ba direba. Abin da ya biyo baya Mukaila zai ba da shi da baki, gwargwadon abin da ya tuna. Latifatu ta yi alkawarin sakwara da miyar kifin Makango.

Ba a sa rana ba. Al'adarmu ce a gaggauta da mamaci, amma wannan ba ya wari, ba ya kumbura, yana kan kabad zai iya jira. Ramin ba za a haƙa shi ba sai Awudu da Sa'id sun tsaya a bakinsa su biyu. Mukaila kuma yana sanar da su, cikin girmamawa, cewa shi ya gama shiga mota saboda su. Bayansa ya ƙi, kuma ba shi da sauran abin da zai kai wa kowa. Gidan bai tashi daga inda suka san shi ba. Wanda ya riga isowa, akwai benci a zaure, ya zauna ya jira ɗan'uwansa.