'Yar Hular Ƙarfe a Ambulan

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ba, ko da yake na sha gwadawa. Lokacin ma'aikatu na ta kwaso kayansu daga Legas zuwa Abuja, ni kuma ɗalibi ne da aka turo horon wata shida a ɗaya daga cikinsu. Aka haɗa ni da Oga Danladi, mai kula da kwamfutoci, wanda kullum daga Masaka yake zuwa. Farfesa yake kirana, don ba na magana, sai karatu.

Kowace kwamfuta tana da katin sadarwa a cikinta, a bayanta kuma an maƙala ɗan akwati kamar na ashana, taransiba, mai aika saƙo kan waya ya kuma karɓo. Waya ɗaya ce ta ratsa su duka kamar zaren carbi. Na haddace wannan a littafi (babi na gaba ne ban kai ba).

Da safe ina kimtsa wayoyi, sai na ga 'yar hular ƙarfe toshe a bayan kwamfuta ta ƙarshe, ba ta haɗe da komai. Na ɗauka tarkacen ƙaura ne. Na cire, na sa a ambulan, na rubuta: "Daga ofishi na ƙarshe. Ba ta da amfani." Na sa hannu.

Kafin hantsi, babu kwamfutar da ke jin 'yar'uwarta. Darakta ya sauko da kansa.

"Danladi, in ba su tashi kafin la'asar ba, zan kira masu gyara daga Legas, kai kuma ka koma sito."

Awa uku Oga Danladi na rarrafe a ƙarƙashin tebura, yana canza taransiba ɗaya bayan ɗaya. Ni ke haska masa tocila, ina rubuta sakamako cikin natsuwa, ambulan na aljihuna. Ko kusa zuciyata ba ta je can ba.

Da muka kai kwamfuta ta ƙarshe ya tsaya cak.

"Wa ya cire hula? Ba hula, saƙo zai bugi ƙarshen waya ya dawo ya yi karo da na baya. Komai ya mutu ke nan."

Na miƙa ambulan. Ya karanta a bayyane, gaban Darakta da sakatarori, har da sunana. Sannan ya mayar da hular, fitilun taransiba suka fara ƙiftawa.

"Oga," ya ce wa Darakta, "na sha ganin ɓarawo, amma wannan ne na farko da ya sa hannu."

Bai koma sito ba. Ni aka tura can, mako biyu, tunda na iya rubuta bayani a jikin kaya.

Tun daga ranar, in na ga abin da ya yi shiru a gefe kamar ba ya aikin komai, ba na taɓa shi. Ni da ba na magana, ni ne na fi cancanta in san haka tun farko.