Ƙararrawar Bayan Tudu

Wani ne a garinmu ya ɗora ido kan Covadonga, 'yar Don Anselmo. Tsohon ya ce shi bai san mutum ba sai ya ga yadda yake bin doka a filin golf. In ya bi, a yi maganar aure. In bai bi ba, ya nemi wata.

Kun dai san filin namu na ƙaramar hukuma. Ragowar ƙasar da kowa ya ƙi ce, tsakanin maƙabarta da makiyayar shanu. Ga wani tudu a tsakiya, ramin da ake jefa ƙwallo a ciki yana bayansa, mai bugu ba ya ganin komai. Maimakon su baje tudun, sai masu hikimar suka rataye ƙararrawa a can baya: in ka gama ka kaɗa, na bayanka ya buga.

Mutumin naku bai taɓa riƙe sandar golf ba, amma ya zo da ƙwallaye jaka guda.

Da suka iso gindin tudun, tsohon ya buga tasa, ya ce, "Yaro, zan haura in gama. Kada ka motsa sai ka ji ƙararrawa. Da ka ji, ka buga."

"Ko gardama babu, Baba."

Tsoho ya ɓace bayan tudu. Can wata saniya ta kaɗa kai don korar ƙuda, ƙararrawar wuyanta ta yi ƙara. Gogan naku ya zage ya buga. Mutumin da ko ƙofar coci ba zai iya saitawa ba, ranar sai ga ƙwallo ta haye tudu ta sauka a ƙeyar Don Anselmo.

Saniya ta sake kaɗa kai. Ya ce, "Da alama ta farkon ta burge shi." Ya aika ta biyu. Wannan a gwiwa ta same shi.

Bawan Allah ya rarrafa ya kamo igiyar ƙararrawar gaskiya, ya shiga kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, ko wani zai kawo masa ɗauki. Shi kuwa surukin gobe ya tuɓe riga ya zazzage jakar a ƙasa.

"Oh, tsohon nan akwai gaggawa," in ji shi. Yana bugu yana haki, ko ɗaya bai zubar a banza ba. Wallahi ni tsohon nake tausayi.

Da ƙwallaye suka ƙare ya haura tudun yana murmushi. Ya tarar da Don Anselmo a kwance, goshi duk ƙulu, igiya a hannu.

Tsohon ya ɗago da ƙyar ya ce, "Covadonga kam ka gama ganinta. Amma gaya mini, kashe ni ka zo yi?"

Sai ya ce, "Haba Baba, ni ma fa kafaɗata ta gaji. In kana so in daina, ai da sai ka daina kaɗawa."