Katin da Na Liƙe a Leda

Wani ɗan garinmu da ya daɗe a Turai ya ba ni tsohon katin ɗan ƙwallo, ya ce masu tara irinsa suna sayensa da tsada. Na sa hotonsa a kasuwar intanet, sai ga wani mutumin Abuja ya taya da kuɗin mashin sabo fil. Murna! Kafin yamma duk Gummi ta ji cewa jan mashin zan saya.

Sai fargabata ta motsa. In ruwa ya taɓa shi fa? In gara ta ci? Ni da takardata ta firamare ma sai da na liƙe a leda, yaya zan bar dukiya tsirara? Na garzaya shagon kwafi aka yi masa laminatin, har na sa aka datse gefunansa. Na tura wa mutumin Abuja hoto ina jiran yabo.

Mutumin ya kira yana salati, ya ce na kashe katin, don masu tarawa ba sa sayen wanda aka liƙe ko aka datse, ko kyauta ba ya so.

Inna ta ce, "To mi yay yi zahi? Ai yanzu ruwa ba su taɓa shi."

Har yau in na hau kabu-kabu, abokai kan ɗaga murya: "Alhaji Leda! Ina jan mashin, ko shi ma an kai a liƙe?"