Huji Uku a Gadon Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Rukayya ba, ko na so in manta ma matan unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna sai wata ta janye gyalenta ta ce a ba ni hanya kada in ƙona ta. Sai a yi dariya, ni ma in taya (me zan yi in ban taya ba?), amma abin da ke cina a rai daban ne da abin da suke wa dariya.

Bari in fara daga tushe. Ni 'yar mai gyaran rediyo ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da ɗan shago a bakin kasuwa, a nan na girma ina riƙe masa waya yana liƙawa da dalma. Ajin kimiyya na yi a sakandare, ina gamawa aka yi mini aure, littattafan suka koma ƙarƙashin gado. Maigidana mutumin kirki ne, hatsi yake sayowa daga Beri da Kasuwan Garba, wani lokaci ya kwana biyu bai dawo ba. In yara sun tafi makaranta na gama shara da wanke-wanke, sai gidan ya yi mini faɗi. Wasu matan saƙa suke yi, wasu kitso. Ni sai na kama kallon bidiyo a waya, na yadda ake haɗa leza, wato tocilar nan da haskenta ke fita siriri kamar zare, ya sauka a waje ɗaya ɗigo guda, in mai ƙarfi ce har ta ƙona abu.

Na yi watanni ina fama. Na farke matacciyar na'urar faifan bidiyonmu, na samo tsohuwar tocila ta ƙarfe, na ƙona yatsuna ba adadi. Maigida ya ɗauka tocila nake gyarawa, ni kuma ban gyara masa zato ba. Ranar da abin ya kunna tsinken ashana daga nesa, wallahi sujadar godiya na yi a tsakar ɗaki, na ɗago na rasa wanda zan gaya wa. Daga nan ta zama 'yar lelena. Na ɗinka mata jaka da guntun atamfa, duk inda za ni tana cikin jakar hannuna tare da carbi (ku ji haɗi).

Rukayya 'yar yayan maigidana ce. Ranar jerenta muka ɗunguma gidan ango da hantsi, mu mata goma sha wani abu, shugabarmu Yaya Asabe, babbar yayar maigida, wadda in ta ce kujera ta koma gabas ko kafinta bai isa ya ce yamma ba. Tare da mu akwai Iya Dije. Tsohuwa ce 'yar wajen Rijau, mai sayar da daddawa, ta zauna a unguwarmu tun kafin a kawo ni. Hausarta na da ɗan karkacewa irin ta mutanen can, yara na kwaikwayonta tana dariya. Ita ta goyi Rukayya, ita ke wankan jego a rabin gidajen layinmu. Duk biki ita ce mai shara da mai turare, ba a ma gayyatarta, sai dai a ce ina Iya.

Rigimar da ta tashi a kan firam ce, guda huɗu masu ayoyi da aka kafa a bangon ɗakin amarya. Yaya Asabe ta ce na ƙarshe ya karkace, wata ta ce idonta ne ya karkace, aka yi ta musu har aka kira azahar. Kowa ta fita alwala. Iya ta share ɗakin, ta zagaya da kaskon turare, ta fito da shi. Ni kuma shaiɗan ya ce mini ga ranarki, ke kaɗai ke da abin da zai raba gardamar nan. Na riga na hango kaina ina cewa, cikin tawali'u, ai na auna, Yaya ce ke da gaskiya.

Na saɗaɗa na shiga na tura ƙofa. Na kwantar da lezar a jikin bango, na kunna, hasken ya bi ta ƙarƙashin firam ɗin ɗaya bayan ɗaya. Idona na kan firam. Ban tambayi kaina ina hasken yake ƙarewa ba. Na ɗan ɗaga, na sake dubawa. Na ƙara ɗagawa. Sai na ji wani ƙauri da ba na turare ba ne.

Ashe hasken yana ƙarewa ne a allon kan gadon amarya, sabo fil, mai baƙar fata mai laushi, wanda aka ɗauko tun daga Minna a bayan mota. Huji uku ne a jere, ƙanana, kowanne zagayayye tsaf, daidai inda kan amarya zai jingina, na ƙarshen yana ɗan hayaƙi. Na sa yatsa da yawu na danne. Sannan ni, mai koya wa 'ya'yana cewa Allah na ganin kowa, na ɗauki filo na jingina a wurin, na fita na bi sahu na tayar da sallah. (Firam ɗin kuwa a karkace yake. Ban taɓa samun damar faɗa ba sai yau.)

Ba mu gama cin waina ba aka gani. Wadda ta je shimfiɗa zanen gado ce ta ɗaga filon. Muka cika ɗakin. Da farko aka ce garwashi ne ya yi tsalle daga kasko, na ji sanyi a raina har na gyaɗa kai. Sai Yaya Asabe ta sa tabarau ta duƙa, ta ce garwashi ba ya jera kansa uku a layi, kuma ba ya hawa bango. Wata ta ce ita ta taɓa jin irin wannan a Ibeto, auren bai yi wata uku ba. Wata ta ce uku ai saki uku ke nan. Kafin ka ce me, an daina cewa ƙuna, an koma cewa aiki ne aka yi wa yarinya.

Aka tambaya wa aka bari shi kaɗai a ɗakin. Ba wadda ta ga shigata. Kowa ta ga fitowar Iya da kasko.

Ba a faɗa kai tsaye ba da farko. Aka fara da cewa mutanen can ai sun san abubuwa. Wata ta tuna Iya ta taɓa cewa angon ya cika rawar kai. Wata ta ce ita dama ba ta taɓa ganin Iya a islamiyya ba. Matan da Iya ta wanke musu jarirai da hannunta ne fa suke wannan magana, suna rage murya kamar ba a gabanta ba. Ni kuma ina tsaye jikin ƙofa, jakata a hammata, ina jin tocilar kamar garwashi. Na yi ta gaya wa kaina yanzu za su gaji su bari. Na ce bari a tashi in ja Yaya gefe. Na ce bari a yi la'asar tukuna. Aka yi la'asar, na idar, ban ce komai ba.

Sai Yaya Asabe ta ce a kwance ƙunshin Iya. Aka zazzage a tsakar gida: goro rabi, ɗankwali, daddawa biyu da ta kawo wa amarya, da wani ƙullin garin magani a leda. Na san maganin, na ciwon gwiwarta ne, a gabana take shafawa. Aka ja da baya kamar an ga maciji. Iya ba ta yi kuka ba. Ta dubi Yaya ta ce, “Asabe, ni na goya yarinyar nan. Bayana ya san nauyinta.”

A nan bakina ya buɗe da kansa. Na ce ni ce.

Kun san abin da ya fi ciwo? Ba su yarda ba. Yaya ta ce in rufe mata baki, tausayina ya yi yawa, ko kaza aka yanka sai na juya baya, yanzu kuma zan ɗauki laifin wata in ɗora wa kaina. Wata ta dafa ni ta ce Allah sarki baiwar Allah. Na rantse, aka ce in daina rantsuwa a banza. Aka tambaye ni da me na ƙona, da ido?

Dole na zuge jaka. Na ciro tocila a cikin rigarta ta atamfa, carbi ya biyo ta yana reto. Na ce kowa ta koma bayana, kada wadda ta kalli bakinta. Na rataya baƙar leda a igiyar shanya, na danna. Ba ta kama ba. Na sake dannawa, shiru. Mata goma sha wani abu suna kallona, matar aure mai 'ya'ya huɗu, da hijabi har ƙasa, ina bubbuga tocila a tafin hannu ina cewa wallahi ɗazu tana yi. Wata ta fara ƙunshe dariya. A bugu na huɗu ɗigon ya fito, ya zauna a kan ledar, hayaƙi ya tashi siriri, huji ya buɗe, zagayayye tsaf.

Kowa ta matso tana leƙen hujin. Sai Yaya Asabe ta cire tabarau ta ce, “Wato ƙanena yana can yana haɗiyar ƙura a hanyar Beri, ke kina nan kina ƙera wuta.”

Gidan ya fashe da dariya. Aka yi ta salati ana tafa hannu, wata har da zama a ƙasa. Aka ce a liƙa fure a wurin hujin, aka ce in je in buɗe shago, aka ce a ɓoye ashana. Cikin wannan shewa ba wadda ta juya ta ce wa Iya ta yi haƙuri. Ina kallonta ta duƙa da ƙyar ta tattara goronta da maganinta, ta ajiye daddawar a bakin ƙofar amarya, ta fita. Ba ta zo kai amarya ba.

Maigida bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo hannu na ba shi tocilar, ya sa a aljihu, ban sake ganinta ba, ban kuma tambaya ba.

Kwana biyu na ɗauka kafin na iya zuwa gidan Iya. Na same ta tana shanya kalwa a tabarma. Na durƙusa, na fara bayani ina kuka, har da yadda hasken ke tafiya (ban san me ya kai ni nan ba). Ta bar ni na gama. Ta ce ta yafe mini tun a can, in tashi kada in ɓata zanena.

Sannan ta ce, “'Yata, ke daga azahar zuwa la'asar kika yi shiru. Su kuwa tun zuwana garin nan suke shiru da maganar nan a cikinsu. Ke dai kika buɗe musu baki.”

Tun daga ranar ba ta sake zuwa bikin kowa ba a layinmu. Tana sayar da daddawarta, tana amsa gaisuwa, iyakarta ke nan. In an haihu yanzu sai a yi ta neman mai wankan jego, ana cewa Iya ta tsufa ta zama mai fushi.

Ni dai darasina ba mai zurfi ba ne. In kin yi ɓarna a gidan biki, ki tsaya a wurin ki ɗaga hannu tun hayaƙin bai lafa ba, a yi miki dariyar a gama. Dariyar dai sai kin sha ta, ko da wuri ko a makare. Bambancin kawai, in kin makara, sai kin tarar an riga an ba wata abin da ya fi dariya ɗaci, kuma ba ya karɓuwa.