Injiniya Murɗa da Bolum Marar Sanda

A layin masu gyaran kayan lantarki babu wanda ya kai Injiniya Murɗa ilimi, kuma wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta. Shekara talatin da ɗaya yana aiki da fasaha guda: in rediyo yana ƙarar-ƙarar, ya ɗiga wa bolum sinadari, ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya lumshe ido kamar likita na sauraren zuciya. In abin ya gyaru, baiwa ce. In bai gyaru ba, kamfani ne ya yi ha'inci. Digirinsa kuwa mai rubuta allo ne ya ba shi, da jan fenti, a saman ƙofar shago.

Allah ya jarrabe shi da 'ya mai karatu. Ta yi shekara huɗu tana koyon lantarki, ta dawo ya ba ta teburin baya, kusa da buhun matattun rediyo, inda a cewarsa za ta ga aiki na gaske.

Wata safiya shugabar wata makaranta ta sa aka kawo sabuwar amfilifayarsu, na'urar ƙara sauti. Kukanta ɗaya ne: duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai sauti ya koma can ƙasa, sai an sake danna maɓalli. Ga bikin raba kyaututtuka saura kwana huɗu, kuma wanda ya gyara shi za a ba kula da duk lasifikokin makarantar.

Injiniya ya kwance murfi ya leƙa. Ya nemi bolum, babu sanda, babu abin murɗawa, babu inda za a ɗiga sinadari. Ya cire tabarau ya sanar da cewa kamfani ya manta bai saka bolum ba.

'Yar ta matso ta nuna masa wata 'yar baƙar aba da ake kira ayisi, wadda ba ta kai farce ba.

"Baba, ga shi nan. A cikinta akwai ƙananan rasistoci a jere kamar matakan tsani. In an danna maɓalli, ƙwaƙwalwar na'urar ta aika mata lamba, ita kuma ta tsaya a matakin da aka ce. Wannan irin mai mantuwa ce, in wuta ta tafi sai ta koma matakin farko. A saitin na'urar za a gaya mata inda za ta riƙa farawa, aikin minti biyar ne."

Injiniya ya yi murmushin da manya ke yi wa shirmen yara.

"Tsani. Na biya kuɗin makaranta shekara huɗu an koya miki kafinta. Sauti, yarinya, ba ya jin lamba, hannu yake ji. Ni da yatsa biyu nake sanin zazzaɓin na'ura."

Nan take ya ɗauko injin huji ya fasa fuskar amfilifayar da ko ledarta ba a gama ɓarewa ba. Ya ciro wani ƙaton bolum daga gawar rediyo, ya liƙa shi da dalma a bayan ayisin, ya sa masa kai mai girman murfin kwalba. Abin da bai tsaya tambaya ba shi ne me bolum ɗinsa zai murɗa in ayisin ta rufe hanya tun daga sama. Manyan masana ba sa ɓata lokaci a kan irin waɗannan ƙananan tambayoyi.

Ladan aiki, ban da kuɗi, ya nemi a ba shi minti biyar a makirufo ranar biki, don iyaye su san hannun da 'ya'yansu suke ciki.

Ranar ta zo, zaure ya cika. Injiniya ya hau dandamali da farar rigar likitoci da biro huɗu a aljihu. Yana gyara murya wuta ta ɗauke, janareta ya karɓa, fankoki suka ci gaba da juyawa. Ayisi ta yi halinta, ta koma matakin farko. Injiniya ya miƙa hannu ya murɗa ƙaton bolum ɗinsa har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya fara.

Da yake duk rayuwarsa muryarsa kaɗai yake saurare, kuma ga ta nan yana jin ta raɗau, bai lura da komai ba. Ya yi bayanin haihuwarsa. Ya yi bayanin rediyon farko da ya ceto. Ya ɗaga yatsa biyu sama ya juya su don na baya su gani. Daga layi na uku zuwa ƙofa kuwa, abin da ake gani kawai wani dattijo ne yana motsa baki yana dukan iska. Iyaye suka samu damar gaisawa. Jarirai suka yi barci. Cikin mutum ɗari huɗu ba a samu ko ɗaya da ya ce a ƙara sauti ba.

'Yarsa tana layi na biyar da rimot ɗin amfilifayar a jaka. Ta ciro shi, ta ɗora yatsa a kan maɓalli, sai mahaifiyarta ta dafa mata hannu, ido na kan dandamali.

"Bar shi ya gama."

Minti biyar ya zama ashirin da biyu. Da ya rufe baki aka yi tafi mai ƙarfi, irin na mutanen da aka sallama lafiya. Injiniya ya sauko yana share ƙwalla, yana ganin yau duniya ta san shi.

Shugabar makaranta ta yi masa godiya a tsaitsaye, ta ja 'yar gefe. Washegari 'yar ce ta je ta cire ƙaton bolum, ta toshe hujin, ta gyara saitin a minti biyar, aka ba ta aikin lasifikokin duka. Injiniya ya bi layi shago-shago yana shaida wa jama'a cewa ƙananan kwangiloli yanzu yara yake bar wa.

Da rana yana tsakar gida yana maimaita wa iyali jawabin daga farko, don waɗanda suka zauna a baya. Matarsa ta sunkuya kusa da 'yar, ta yi ƙasa da murya.

"Wannan 'yar baƙar abar, na'ura kaɗai ake sa wa?"